Injin Da Ya Fi Motarsa Girma

Ku jawo kujerun nan cikin inuwa, tunda kun ce ba za ku tashi ba sai na ba ku amsa. Kun nuna mini a waya yadda wani ya cire injin mota ya sa wani, ana ta kiɗa, kafin shayi ya huce har an tayar. Yanzu kun haɗa kai kun sayi gawar mota, kuna so ku yi irin haka a hutun makaranta. Ban hana ku ba. Amma bari in ba ku labarin na farko da na taɓa yi, daga nan ku je ku yi shawara.

Ni dai Iro ne, mutumin Tasawa, ko da yake a garin nan na Riyad ba wanda ya san ni da wannan suna sai 'yan gida. Larabawa mu'allim suke ce mini. Ina yaro mahaifina ya kai ni Maraɗi, ya danƙa ni hannun wani bakanike mai suna Malam Habu. Garejinsa ba rufi, ba siminti. Wata ƙatuwar bishiyar dogon yaro ce, da sarƙa rataye a reshenta, da ita muke ɗaga inji. Na daɗe a wurin ban taɓa riƙe sufana ba. Aikina in tsuguna gaban rabin jarka da kananzir a ciki, in wanke noti da ƙarafa, in jera su a kan buhu yadda aka kwanto su. Idan na rikita jerin, Malam Habu ba ya duka kuma ba ya zagi. Zuwa yake ya ɗaga bakin buhun ya zube su a ƙasa, ya ce, "Sake." Hannunsa na hagu yatsu uku ne. Inji ne ya sauko a kansa yana saurayi, shi ya sa bai taɓa barin ɗayanmu ya tura hannu ƙarƙashin abin da ke lilo a sarƙa ba. Allah ya jiƙansa. Duk abin da na ci a sana'ar nan, daga hannun nan nasa na ci shi.

Da na zo ƙasar nan, warsha na samu, wato gareji da bakinsu, a unguwar Gubaira, ta wani dattijo Abu Sa'ad. Shi ne kafilina, wato wanda ya tsaya mini a wurin hukuma, iƙamata, takardar zama a ƙasa, a sunansa take. Mu huɗu ne ma'aikata. Motocin da muke gani na neman abinci ne: ta ɗan haya, ta mai kai ruwa, akori-kurar masu kayan gwari, sai jefi-jefi ta wani ma'aikacin ofishin jakadanci da ya ji ana cewa akwai Bahaushe a wurin. Kuloci, birki, lagireto, baƙin mai. Da rani ƙarfe kan yi zafin da sai ka tsoma sufana a ruwa kafin ka riƙe. Abu Sa'ad yana zaune bakin ƙofa da carbinsa da butar gahawa, bai san sunan ko noti ɗaya ba, amma ya san mutane. Idan ya dubi mai mota ya ce mini, "Wannan ka yi masa a hankali," to akwai dalili.

Wata safiya sai ga saɗaha, motar nan mai shimfiɗaɗɗen baya da ake ɗaukar matacciyar mota, ta tsaya a ƙofarmu. Abin da ke kanta ya sa duk muka ajiye aiki. Tsohuwar ƙaramar motar Japan ce mai ƙofa biyu, amma an yashe cikinta tas. Ba kujerar baya, ba kafet, ba rediyo, ba na'urar sanyi. Kujera ɗaya tak, sai bututun ƙarfe da aka yi wa walda suka kewaye direba kamar keji. A bayanta kuma an ɗaure wani ƙaton inji mai silinda takwas a kan tsohuwar taya.

Mai ita ya sauko. Mutum ne da bai wuce arba'in ba, farar jallabiya fes, amma bakin farcensa baƙi ƙirin. Ya ce sunansa Abu Rakan, ma'aikaci ne, a unguwar Nasim yake zaune. Shi ya gina motar da hannunsa a farfajiyar gidansu, yana zuwa da ita filin tsere da ke bayan gari, inda ake biya a shiga a yi gudu ba tare da an taka doka ba. Injinta na asali ya fashe a can. Wannan ƙaton kuwa daga tashlih ya sayo shi, wato maƙabartar motoci da ke kudu da gari, an ciro shi daga wata akori-kurar Amurka da ta yi hatsari.

Na auna ramin injin da igiyar awo, na auna injin, na ce masa, "Ya Abu Rakan, raƙumi ka sayo, kana so in sa maka shi a akurkin kaji."

Ya yi dariya. "Na je warsha da yawa, kowa haka ya ce. Amma kai kaɗai ka ɗauko abin awo kafin ka faɗa."

Na waiwaya wajen Abu Sa'ad. Ya kurɓi gahawarsa ya ce, "Ku sauke ta."

Cire tsohon inji ba komai ba ne, wannan ko ku za ku iya. Aiki yana farawa ne ranar da ka rataye sabon a sarƙa ka fara sauke shi a hankali. Da muka sauke wannan, bai kai rabi ba ya tsaya. Kwanon baƙin mai da ke ƙasansa ya zauna daram a kan ƙarfen sitiyari. Bayansa ya daki bangon da ke raba inji da ƙafar direba. Samansa kuma ya fi murfin mota tsawo da kusan taƙi guda. Muka ɗaga, muka daddaki bango da guduma, muka sauke. Muka ɗaga, muka yanke, muka sauke. Na daina ƙirga sau nawa injin nan ya hau ya sauka. Abu Rakan yakan zo bayan la'asar daga wurin aiki, ya tuɓe jallabiya ya sa rigar aiki, ya kwanta ƙarƙashin mota tare da ni. Bai taɓa tsayawa a kaina yana nuni da makulli ba.

Kujerun inji, wato ƙarafan da yake zama a kansu, babu na sayarwa ga irin wannan haɗi. Da kwalin madara na fara yanka su. In yanka, in gwada, in rage, sai kwali ya zauna daidai, sannan in ɗora shi a kan farantin ƙarfe in zana. Kuma ba zama kawai ake so ba. Dole inji da giya da ƙarfen da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya su kalli juna a miƙe. Idan suka kauce ko kaɗan, a tsaye ba za ka gani ba, sai mota ta ɗauki gudu ta fara rawa kamar za ta watse.

Muna tsakiyar wannan aka shiga shekarar korona. Kun tuna ta, amma ku a gida kuka yi ta, gaban talabijin. Aka ce kowa ya rufe. Muka ja ƙofar warsha muka bar injin a rataye, motar a kan jak, ba taya. Muka koma ɗakinmu a bayan layi, mu huɗu, ba fita sai sayen burodi. Ana cikin haka Abu Sa'ad ya kwanta, aka kai shi asibiti, bai dawo ba. Ko jana'izarsa ba mu samu ba. A waya babban ɗansa ya gaya mana.

Da aka sassauta, 'ya'yan suka zo. Mutanen kirki ne, amma kowa da aikinsa, ba mai sha'awar warsha. Suka ce za su rufe su mayar wa mai gini da makulli. Wanda ya samu inda zai mayar da kafalarsa, za su sa masa hannu. Wanda bai samu ba, za a yi masa takardar fita ta ƙarshe ya koma ƙasarsa. To wa ke ɗaukar ma'aikaci a wannan shekara? Kowa ragewa yake yi. Na zaga Gubaira da ƙafa, warsha bayan warsha, kowa ya ce, "Allah ya sauƙaƙe, mu'allim." Biyu daga cikinmu suka karɓi takardar fita. Iƙamata ta kusa ƙarewa, a gida kuma akwai baki da yawa da ke jiran abin da nake aikawa.

Ina ɗaure akwatin kayan aikina sai ga Abu Rakan da saɗaha, ya zo ɗaukar motarsa tunda an ce masa a kwashe komai. Ya yi mini gaisuwar rasuwa, ya dubi akwatin.

"Ina za ka?"

"Gida, in sha Allahu. Ka yi haƙuri ban gama maka ba. Kwalayen awon suna cikin mota, duk wanda ka kai wa zai gane."

"Ba wanda zai gane," in ji shi. "Dakata."

Ya koma gefe ya yi ta magana a waya. Ashe yayan matarsa yana da warsha a unguwar Suwaidi, wannan da muke zaune a cikinta yanzu. Shi ma cewa ya yi ba ya bukatar kowa. Daga baya ya gaya mini da bakinsa cewa Abu Rakan bai bar shi ya sha ruwa ba, yau ya kira, gobe ya aiko matarsa, jibi ya zo da kansa, har ya gaji ya ce a kawo mutumin ya gani. Abu Rakan ne ya yi ta kai da kawo tsakaninsa da 'ya'yan marigayi har aka mayar da kafalata. Ranar da zan bar Gubaira, babban ɗan Abu Sa'ad ya sauko da sarƙar ɗaga inji ya sa mini a mota, ya ce, "Baba zai so ta zauna wurinka."

Sabuwar warsha ba ta da wurin ajiye motar da ba ta tafiya, saboda haka a farfajiyar gidan Abu Rakan muka ƙarasa aikin, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. A can na san mahaifiyarsa. Tsohuwa ce ƙwarai, takan sa a kawo mata kujera bakin ƙofar ɗakin girki, ta zauna a lulluɓe tana kallonmu. Ba ta son motar ko kaɗan. Ranar farko ta aiko mini da dabino da gahawa, sannan ta ɗaga murya.

"Ya mu'allim, wannan abin da kuke sawa, gudu zai ƙara mata?"

Na ce, "Zai ƙara, Hajiya."

"To abin tsayawa fa? Shi ma kun sayo babba?"

Na dubi ɗanta, ya dubi ƙasa. Gaskiya duk hankalinmu yana kan inji. Birkin da ke motar na ƙaramin inji ne, ga shi mun ɗora mata nauyi a gaba da ƙarfi ninki biyu. Za mu kai ga zancen, amma ita ta riga mu. A makon nan muka koma tashlih muka samo manyan faifan birki da abin matse su, muka sake duk bututun man birki, muka kautar da wanda ya bi kusa da salansa don kada zafi ya tafasa shi. Duk Juma'a sai ta tambaya, "An sa?" Sai da na ɗauki faifan na kai gabanta ta ɗaga ta ji nauyinsa sannan ta ƙyale mu.

Kwanon man nan da ya hana inji zama, na yanke shi na juya zurfinsa baya, na ƙara wa bututun da ke zuƙo mai tsawo. Na cika shi da kananzir na bar shi a kan takarda, ko ɗigo bai fito ba. Ina shirin ɗaurawa Abu Rakan ya ce, "Saura shinge a ciki."

Na ce, "Shingen me? Na haura shekara talatin ina ɗaura kwanon mai, ban taɓa sa wa wani shinge ba."

Bai yi musu da ni ba. Ya shiga gida ya fito da faranti mai ɗan zurfi, ya zuba ruwa rabi, ya miƙa mini. "Riƙe, ka zaga motar nan da sauri." Na zaga. Da na sha kwana sai ruwan ya taru gefe guda, tsakiyar faranti ta bushe.

"Ka gani? A titi kana shan kwana ka miƙe. A fili akwai kwanar da za ka daɗe a cikinta kana taka wuta. Mai ya gudu gefe, bututu ya zuƙi iska. Abin da ya kashe injina na farko ke nan."

Na ajiye farantin na ce, "Yau kai ne mu'allim." Muka yanka siraran faranti muka yi wa kwanon ɗakuna a ciki, da 'yan ƙofofi masu buɗewa gefe ɗaya, mai ya shiga wurin bututu amma kada ya fita. Da ban saurare shi ba, da aikin watanni ya ƙone a fita ta farko.

Wayoyi kuwa ba fannina ba ne, kuma ban ɓoye ba. Injin zamani yana da ƙwaƙwalwa, ita kuma ƙwaƙwalwar nan ta ƙi yarda ta ba da wuta sai ta ga makullin motar da aka ciro ta, makullin da wa ya san inda yake. Wani mai gyaran lantarki ɗan Sudan muka kai wa, ya lallashe ta da kwamfuta. Ranar tayarwa na cire fulogai duka, na sa Abu Rakan ya yi ta murzawa har allurar baƙin mai ta ɗaga, don kada ƙarfe ya goge ƙarfe a bushe. Na mayar da fulogai, na ajiye abin kashe gobara kusa da ƙafata, na ce bismillah. Ya yi tari sau biyu ya kama. Ba mu gama haɗa salansa ba, saboda haka tagogin gidan suka ɗauki kaɗawa, tantabarun maƙwabci suka watse, maƙwabcin ya leƙo ta kan katanga ba ko hula a kansa. Hajiya ta toshe kunne tana faɗar abin da ba mu ji ba. Da muka kashe sai ta ce, "Ma sha Allah. Kada ku sake."

Sai da sanyi ya shigo muka kai ta fili. Wuri ne a sarari, kwalta baƙa tana lanƙwasa tsakanin tuddai, ga motoci iri-iri, wasu sun fi gidan mutum tsada. Masu duba lafiyar mota suka zagaye tamu, suka jijjiga kejin, suka duba bel da birki, suka manna mata lamba. Abu Rakan ya sa hular kwano ya fita. Ina tsaye a bakin katanga. Bai yi zagaye da yawa ba na gan shi ya shigo a hankali, tururi yana fita ta ramin da muka huda a murfi.

Na zaci shi ke nan. Amma da ya huce na duba, ba abin da ya fashe. Iska ce ta maƙale a saman injin ta hana ruwa zagayawa, don lagireton ya zauna ƙasa da kan inji. Muka ɗaga gaban motar da jak har bakin lagireto ya zama shi ne sama, muka tayar, muna zuba ruwa kaɗan-kaɗan tana aman kumfa har ta daina. Wasu samari da ba mu sani ba suka kawo mana jarkar ruwansu, wani ya ara mana mazurari. Ya sake fita. Wannan karon ya yi ta zagayawa har aka ɗaga tuta, allurar zafi ba ta motsa ba, ta mai ma haka. Duk lokacin da ya wuce ta gabana sai in ji ƙarar a ƙirjina.

Da azahar, bayan mun yi salla a kan kwali a bayan saɗaha, ya aro kujera da hular kwano daga wani abokinsa, ya ɗaure kujerar a gefensa da noti huɗu.

"Yalla, mu'allim. Shiga."

"Ni gyara nake yi, ba na hawa."

"Wallahi sai ka shiga. Mai dafa abinci ai yana ɗanɗanawa."

Tunda ya rantse, na shiga. Ya ɗaure ni da bel ta kafaɗu da ƙugu har numfashi ya yi mini wuya. Samari, na sha hawa bayan babbar mota daga Maraɗi zuwa Damagaram a kan buhuna, amma ban san gudu ba sai ranar. Ya taka, bayana ya manne da kujera. Kwana ta taso mana, na ga ba alamar zai rage, na fara kalmar shahada. Sai da muka zo dab ya taka birki, bel ya kama ni, idona kamar zai faɗo, motar ta juya kamar an ja ta da igiya. A doguwar kwanar nan da ya ba ni labari na saci kallon allurar mai. Tana nan inda take.

Da muka tsaya sai da ya kwance ni da kansa. Na zauna a kan taya. Ya cire hula yana haki yana dariya.

"Yaya, mu'allim? Ka ji tsoro?"

"Na ji. Amma akwai abin da ke kaɗawa a gefen dama, ta ƙarƙashin ƙafata. Idan ka saki wuta yake yi."

Ya tsaya yana kallona, sannan ya juya wajen abokansa da suka taru. "Kun ji? Duk wanda na ɗauka a mota, in ya sauko ruwa yake nema. Wannan ƙara ya jiyo mini."

An shimfiɗa musu kabsa, shinkafar nan tasu da nama, a inuwa, suna ta kirana. Na ce su fara. Na jira salansa ta huce, na shimfiɗa kwali na shiga ƙarƙashi. Notin da ke riƙe ta ne ya saki, saura kaɗan ya fita. Na miƙo hannu waje ina lalube, sai na ji an sa mini sufana a tafi, daidai lambar da nake so. Na leƙo. Abu Rakan ne a tsugune, shi ma bai je wurin abincin ba.

"Ɗaure shi da kyau," in ji shi. "Kabsa tana jiran mu biyu."